Ranar da Dokina Ya Koma Gida Ba Ni

A gidanmu ba a faɗin tafiya. Haka na tashi na iske, kuma ban taɓa jin wanda ya nemi dalili ba sai ɗiyata, wadda boko ya yi wa yawa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, zai ɗaura sirdi da sassafe ya ce wa innarmu, "Zan ɗan zaga." Wannan ɗan zagawar tana iya zama bayan gari, tana iya zama kasuwar Dogon Daji, tana iya zama kwana uku a Sanyinna wajen dangi. Ita kuma ba ta cewa komai sai "A dawo lafiya." In wani marar kunya ya tare shi a ƙofa ya ce "Ina zuwa?", to ya ɓata tafiyar ke nan. Sai tsoho ya sauko, ya koma zaure, ya zauna kamar wanda bai taɓa niyyar fita ba, ya tauna goro, sannan ya sake tashi sabuwa. An ce mana in mutane sunka san inda ka nufa tun ba ka isa ba, bakinsu yana lalata abin da ka je nema.

Limaminmu ya sha faɗa cewa wannan camfi ne, babu shi a littafi. Mukan ce, "Gaskiya ne, Allah gafarta Malam," mu sa takalmanmu, mu ci gaba da abinmu. Ni da na yi aji fuɗu na firamare, har nake karanta takardar asibiti in likita bai yi sauri wajen rubutu ba, ban ga inda wannan zurfin ilimi nawa ya taɓa al'adar ba.

Shekarar da nake magana, ruwan farko ya yaudare mu. Ya sauko da ƙarfinsa, munka fita munka yi shuka, gero ya tsiro ya yi kunne biyu, sai sama ta ɗauke kusan mako uku. Shuka ta ƙone. Da ruwa ya dawo kowa ya koma rumbu ya ɗebo sauran irinsa, ni kuwa ba ni da ko tafi guda, don na rabar wa mutane. Kada mai karatu ya ɗauka kirki ne. So nake a riƙa cewa a bakin masallaci irin wane ya fi na kowa.

Mutum ɗaya ne zai iya fid da ni, shi ne taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda ke zaune a wani ƙauye kafin a kai Kebbe. Yana da wani gero mai saurin nuna, wanda ko an makara da shuka yakan kai. Na fi shekara goma ina kiran geron nan abincin tsuntsu a gaban idonsa. Tsakanina da shi wasa ne tun muna yawo ba wando, kuma bakinsa ya fi nawa kaifi, ko da yake wannan ne karo na farko da na yarda da haka, kuma don na san ba ya karatun boko ne. To ka ga tafiyar da za a ɓoye ke nan ko da babu al'ada.

Daga ƙauyenmu, nan gefen Tambuwal, zuwa nasu, bai cika wuni ba a kan doki. Hanya biyu ce. Akwai ta mota, mai ramuka, wadda 'yan kabu-kabu ke bi da baburansu. Akwai kuma tsohon burtali, hanyar shanu, wanda ya ratsa gonaki ya shiga daji. Dokina kili ne, fari mai ruwan toka, ya manyanta kamar mai shi, yana da haƙuri da komai ban da ƙarar babur. Saboda haka burtali na zaɓa. A lokacin mutum yana iya bin wurin shi kaɗai, ko da yake an fara jin ƙishin-ƙishin na mutanen daji daga can gabas.

Ɗiyata aikin jinya take yi a Tambuwal. Ita ta saya mani waya, ita kuma ta kafa mani doka biyu: kada in hau doki ni kaɗai in yi nisa, in kuwa na ƙi ji, to wayar ta kasance a jikina. Na karɓi dokokin nan da hannu biyu. Amma waya a aljihun gefe tana dukan cinya in doki na tafiya, a aljihun gaba kuma tana karkata riga, mutum ya zama kamar mai ɗauke da dutse. Sai na sa ta a jakar fatar da ke rataye a sirdi, tare da gorar ruwa. A lissafina, ni da doki jiki ɗaya ne, abin da ke jikinsa yana jikina.

Da hantsi na ɗaura sirdi. Na jira tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta juya baya tana kwashe toka a murhu, na ninke wani buhu wanda ba komai ciki, na cusa shi ƙarƙashin shimfiɗar sirdi. Sannan na gyara murya.

"Zan ɗan zaga."

Ta dubi doki, ta dubi gabas, ta dube ni. "A dawo lafiya, Malam."

Tafiyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Ƙasa ta sha ruwa ta yi ja, mutane sun duƙa a gonaki suna maimaita shuka, ina ɗaga hannu ina ce masu sannunku da aiki kamar wani hakimi mai rangadi. Da gonaki sunka ƙare sai sabara da geza, sai kukoki jefi-jefi, sai sawun shanu da ya bushe a laka. Kilin yana tafiyarsa ta ƙasaita, ni kuma ina shirya maganganun da zan faɗa wa taubashina yadda zai zama kamar shi ne ya roƙe ni in karɓi irin.

Azahar ta same ni na ci kashi uku cikin fuɗu na hanya. Na sauka a gindin wata tsamiya. A nan ne zan yi bayanin wani abu don waɗanda sunka tashi a kan babur. Sirdi ba ya zama a bayan doki don ra'ayin kansa. Akwai majayi, wato ɗamarar da ke zagaye cikin doki ta riƙe sirdin. Mahaifina ya koya mana cewa in ka sauka yin salla, ka sassauta majayi, don bai kamata kai kana ganawa da Ubangijinka ba, dabbar da ta kawo ka tana tsaye ciki a ɗaure. Ban taɓa saɓa wannan ba. Na sassauta, na sa wa kilin dabaibayi a ƙafafun gaba, na yi alwala da ruwan gora, na mayar da ita jaka, na ta da salla.

Ina sallamewa sai ga wani Bafulatani, magidanci, sanda a wuya, shanunsa na biye da shi. Munka gaisa, na tambayi shanu, ya tambayi gida. Har nan lafiya lau. Sai ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda sama ta fara yin baƙi, ya ce:

"Baba, ina zuwa haka, ga hadari na haɗuwa?"

Raina ya ɓaci. Na tsere wa tambayar nan a gida, na tsere mata a gonaki, ta zo ta same ni a tsakiyar daji, inda babu zauren da zan koma in zauna.

"Nan kusa," na ce.

Ya dubi dajin hagu da dama, inda babu ko bukka. Mutumin kirki ne, bai yi dariya ba. Ya ce, "To, in nan kusan naka ya kai ƙetaren kwazazzabo, ka yi sauri. In anka yi ruwa can sama, ba shi sallama."

Na yi masa godiyar da ba ta kai ciki ba. Na kwance dabaibayi ina ƙunƙuni, na ja kilin zuwa wani suri da ke gefen hanya. Ga inda tsufa ya ci amanata. Saurayi daga ƙasa yake hawa, ya sa ƙafa a likkafa ya ɗora nauyinsa duka, in majayi a sake yake nan take sirdi zai juyo ya gaya masa. Ni kuwa na daina wannan wahala tun gwiwata ta fara magana. Tudu nake nema, ko kututture, ko suri, in hau, in ɗaga ƙafa kawai in zauna a tsakiyar sirdi kamar mai zama a kujera. Haka na yi. Sirdi bai ce komai ba. Munka tafi, ni da shi, ba abin da ya riƙe mu a bayan doki sai zaman lafiya.

Kwazazzabon nan na san shi tun ina yaro, amma kowace damina ƙara zurfi yake. Gaɓarsa ta kai tsayin mutum biyu, a tsaye kamar katanga, wuri ɗaya ne a kowane gefe shanu sunka fasa sunka yi gangara mai santsi. Ƙasansa farin rairayi ne, busasshe. Munka fara gangarawa, na jingina baya yadda ake yi, sai na ji sirdi ya ɗan zame gaba. Kafin in gama tunanin me ke nan, wata fakara ta tashi fir daga ƙarƙashin hancin doki. Kilin ya yi tsalle gefe. Sirdi ya juya. Abin da na gani na ƙarshe daga sama shi ne kunnen doki, na farko daga ƙasa kuma cikinsa.

Allah ya taimake ni da abu ɗaya: takalmina na roba ne, ya kuma yi mani yawa. Ƙafata ta zare ta bar shi a likkafa. Da ta maƙale, da wani ne ke ba da wannan labari, kuma da bai ba da shi da kyau ba. Na gangara na faɗa kan rairayi, ƙafar hagu a ƙarƙashina, na ji ƙas, irin ƙarar karan dawa in an taka. Kilin kuwa da ya ji sirdi na dukan cikinsa, sai ya haukace, ya juya ya haye gangarar da munka sauko, ya yi yamma. Na kira shi da murya mai daɗi. Na kira shi da zagi. Na ji ƙarar kofatonsa tana raguwa har ta ɓace, tare da ruwana da wayata.

Da numfashina ya dawo, na yi abin da mai ilimi ke yi, na duba halin da nake ciki. Ƙafa ta karye ƙasa da gwiwa, ba jini, amma ta karkace yadda ban so in sake kallo ba. A aljihu akwai goro ɓari guda, da carbi, da tsinken sakace. Sama da kaina, a jikin gaɓa, saiwoyin itace sun fito, kuma a jikinsu ga yayi da tsumma da wani tsohon takalmin yaro sun maƙale. Na daɗe ina kallon wannan yayi kafin in fahimci abin da yake gaya mani: nan ne ruwa ke kaiwa, kuma ko a tsaye nake ya fi ƙarfin kaina. Na dubi gabas. Baƙin ya ci rabin sama, can ƙasansa kuma ya yi ratsi-ratsi, alamar wani wuri tuni ana shan ruwa.

Na gwada gangarar shanu. Da baya na bi ta, ina zaune, ina turawa da hannu biyu da ƙafar dama, ta hagu na biyo ni kamar baƙuwa. Na yi kamu uku, laka ta zame, na dawo inda na fara, na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba. Na sake, na sake dawowa. A karo na uku duhu ya rufe mani ido, na san in na ƙara to suma zan yi, ruwa ya zo ya same ni kwance.

Sai na yi kira. "Jama'a! Akwai mutum a nan!" Na kira Bafulatanin nan, wanda ko sunansa ban tambaya ba saboda fushi. Kwazazzabo ya riƙe muryata ya ƙi fid da ita. A nan ne lissafin ya fito mani sarai, ba na aji fuɗu ba, na wanda ko makaranta bai je ba: duk duniya mutum biyu na gaya wa inda za ni. Ɗaya na ce mata zan ɗan zaga, ɗaya na ce masa nan kusa. Ko da gari duka ya tashi nemana, ta ina za su fara?

Na yi wa Allah alkawari a wurin, in ya fid da ni ba zan sake fita ban faɗa ba. Kuma na cika, ta hanyata. Har yau bakina ba ya iya duban tsohuwa ya ce mata ga inda za ni. Abin da nake yi, in na ɗaura sirdi, na ja majayi, na sa yatsa biyu na tabbatar, sai in tsaya a bakin turke in gaya wa doki da ƙarfi, "Kai, yau gonar fadama za mu, ta bayan makabarta, kafin la'asar mun dawo." In wani ya ji daga madafa, wannan ba laifina ba ne.

Can gefe na hango wani ɗan tudu a jikin gaɓa, kamar dakali, bai wuce tsayin ƙugu ba, wata babbar saiwar marke ta fito a kansa. Na ja jiki zuwa wurin. Yadda na hau shi ban sani ba, na dai san na ambaci sunan Allah da na innarmu. Na kwance ɗan rawanin da nake naɗawa saboda rana, na zagaya shi a ƙirjina, na ƙulle a saiwar. Na yi taimama na yi la'asar a zaune, alƙibla kuwa ta faɗa daidai inda hadarin yake, dole ina kallonsa yana kallona. Sannan na ci goron. Tururuwa sunka zo gaisuwa, ban hana su ba.

Abin da ke faruwa a gida a lokacin, daga baya na ji shi, daga baki fiye da goma, kowa kuma shi ne jarumin labarin. Ga wanda na tace.

Bayan la'asar kaɗan kilin ya shigo gari, jiki duk kumfa, sirdi a ƙarƙashin ciki, takalmina ɗaya na lilo a likkafa. Ya wuce kai tsaye ya tsaya a turkensa. Kafin a ce me, gida ya cika. Wani ya ce mutanen daji ne. Wani ya ce a'a, da su ne da ba su bar doki ba. Wani ya rantse ya gan ni da safe na nufi Dogon Daji. Anka fara raba mutane, waɗansu su bi gonata, waɗansu su bi hanyar mota. Anka tambayi tsohuwa ina na ce za ni.

"Ya ce zai ɗan zaga," in ji ta.

Maza sunka sunkuyar da kai, don kowannensu abin da yake ce wa matarsa ke nan.

Sai ta ratsa su, ta dafa wuyan doki har ya natsu, ta kwance majayi da hannunta, ta sa hannu ƙarƙashin shimfiɗa ta zaro buhun nan ta warware shi a gabansu.

"Mutumin da shukatai ta ƙone, ya ɗauki buhu ba komi ciki yana ɓoyo kamar ɓarawon kaza, ina za shi in ba roƙon iri ba? Kuma wa ag gare shi da za shi roƙa in ba taubashinai ba? Wanga doki ba shi bin hanyar babur. Burtali sunka bi. Ku bar gonar nan, ba kowa cikinta."

Ashe ta gan ni tun da safe. Shekara arba'in da wani abu ina ɗan zagawa, ashe ba zagayen da na taɓa yi wanda ba ta san ƙarshensa ba. Ba ta dai tambaya ne, don ita ma a irin gidan ta tashi.

Ta buɗe jaka ta ciro waya. Ba ta karatu, amma ɗiyarmu ta nuna mata lambar da za ta danne ta riƙe, kira ya tafi wurinta. Ɗiyar ta ji bayani, ba ta tsaya kuka ba, ta ce daga nan kafin a kai wurin ruwa ya riga ku, daga can ya fi kusa. Ta kira taubashina. Shi kuma, duk da rashin hankalinsa, ya san wuri ɗaya ne a burtalin nan ke ka da mahayi.

Ni dai ban san ko ɗaya ba. Abin da na sani, iska ta juya ta yi sanyi, ta kawo ƙanshin ƙasa. Sai na ji wani sauti siririn gaske, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Na leƙa. Wani ɗan harshen ruwa ne, faɗinsa bai fi tabarma ba, yana tafe a kan rairayi a hankali, yana tura kumfa da kashin awaki a gabansa. Ko ɗigo bai sauka a kaina ba tukuna. Ya wuce ta ƙarƙashin dakalina, ja wur, bai ko dube ni ba. Kafin in ja carbi ɗaya ya rufe rairayin daga gaɓa zuwa gaɓa.

Na yi kalmar shahada. Na yafe wa waɗanda nake jin haushi, har da fakara. Sai kuma na ji wata ƙara daga ƙetare, wadda na shekara ashirin ina tsine wa a kan hanya. Babur. Ban taɓa jin kiɗa mai daɗinsa ba.

Ƙarar ta mutu. Wani kai mai furfura ya leƙo daga saman gaɓa.

"Salamu alaikum, masu gida. Ko nan ne gidan sarkin noma?"

Na buɗe baki in rama, sai na ji abin da ke fitowa ba magana ba ce. Na rufe.

"Wa nika gani ɗaure ga itace kamar akuyar da za a kai kasuwa? Kai, wa ya saye ka?"

"Ka sauko ka gani, ɗan banza," na ce, da muryar da ta rage. "Ƙafa ta karye."

"Ta hagu ko ta dama?"

"Mi ya dame ka?"

"In ta hagu ce ba a yi asara ba, dama can ba ta da kyau."

Yana faɗa yana ɗaure igiyar guga a gindin wani itace da ke bakin gaɓa. Wanda ya kawo shi maƙwabcinsa ne, ɗan kabu-kabu, ƙato mai gemu. Ya tuɓe riga, ya kama igiya, ya sauko ta gangarar ƙetare. Ruwa ya kai masa ƙwauri. Kafin ya iso wurina ya kai gwiwa. Ƙullin rawanina ya ƙi kwancewa, ya sa wuƙa ya yanke.

"Baba, ka yi haƙuri, za ta yi zafi."

"Ɗana, ɗauki. In na zage ka kada ka riƙe."

Ya goya ni kamar jariri. Na zage shi, na zagi kakansa, na roƙi gafara, na sake zagi. Ruwa na dukan cinyarsa, itace na wucewa ta gefenmu, taubashina na sama yana jan igiya yana ihu, "Riƙe shi da kyau! In ya faɗi ba mai biyana wahalata!" Sau ɗaya ƙaton ya zame ya durƙusa, ruwa ya taɓa ƙafar tawa mai ciwo, na ga taurari da rana. Ya miƙe. Sai na ji ciyawa a bayana, jiƙaƙƙiya, da sama a buɗe a kaina, ta fara sakin manyan ɗigo.

Sunka sare sanda biyu sunka ɗaure ƙafar da rawanin taubashina. Ba su gama ba munka ji wani ruri daga sama, kamar babbar mota a kan gada. Munka juya mu uku. Ruwan gaske ne ya iso, ja, da kumfa, da wani kututture yana juyi a kansa. Ya shafe dakalin. Ya shafe saiwar. Guntun rawanina ya ɗan yi rawa a kan ruwa, shi ma ya nutse.

Taubashina ya zauna daɓas a laka kusa da ni, ya cire hula, ya share fuska, ya daɗe yana sharewa, alhali ruwan sama bai yi yawan haka ba.

"Da ka ce mani kana tafe," ya ce a hankali, "da na tarbe ka tun ga tsamiya."

"Da na ce maka, da ka tara gari."

"Awo. Da na tara." Ya mayar da hula. "Yanzu ma sai na tara."

Sunka sa ni a tsakiya a kan babur, ƙato a gaba, tsoho a baya yana riƙe da ni, ƙafa a miƙe a gefe. Kowane rami sai na yi salati, kowane salati sai taubashina ya ce madalla, yau na ga ranar da ka zama na Allah. Munka shiga ƙauyensu ana kiran magariba, jiƙe sharkaf.

Sunka kwantar da ni a ɗakinsa, anka hura wuta a kasko, ruwa na dukan kwano kamar ba zai bari ba. Ɗiyata ta kira wayarsa. Ta ce kada a bar kowa ya ja ƙafar, da safe za ta zo da mota a kai ni asibiti. Ta ce sauran maganar sai ta zo, kuma yadda ta faɗi haka ya sa na ji kwazazzabo bai gama da ni ba. Sannan taubashina ya kira wayata da ke gida, tsohuwa ta ɗauka, ya miƙo mani.

"Malam."

"Na'am."

"Ka ci abinci?"

"Ana tuƙawa."

"Kilin ya ƙuje ga ciki. Na wanke mashi, na shafa man kaɗe."

"Ni fa ƙafata ta karye."

"An gaya mani. Kai kana da ɗiya ma'aikaciyar asibiti. Shi wa gare shi?"

Na ji ta aje wayar a kan wani abu mai ƙara, faifai ko murfin kwano. An koya mata kira, ba a koya mata kashewa ba. Sai na ji takunta ta nufi ƙofa, na ji muryoyin mata da yawa sun yi tsit, na ji ta ce, da wata murya da ba ta taɓa yi mani magana da ita ba, "Shi ne. Muryatai ce. Har yana ƙorafi." Gidan ya ɗauka gaba ɗaya, masu hamdala, masu kuka, wata tsohuwa tana cewa a ba ta hanya ta yi alwala, wani daga zaure yana tambaya mi anka ce, mi anka ce.

Taubashina ya miƙo hannu. "Kawo, caji zai ƙare."

"Bari tukuna," na ce. Na gyara kwanciya, na manna ta a kunne, ina sauraron gidana.